Kwalin mai gadin babur: abin da ya kamata mu sani kafin mu sauya kwamfuta



Duk wanda ya taɓa buɗe shafin intanet, a kwamfuta ko a salula, ya ga ɗan allon nan da ke fitowa yana tambaya ko ka yarda da “kuki”. Yawancinmu muna danna “Accepter” mu wuce, tunda ba shi ya kawo mu ba. Yau a kan wannan kalmar nake so mu ɗan tsaya, saboda wata tambaya da nake yawan ji a ɗakin malamai duk lokacin da wani ya yi sabuwar kwamfuta: “Ba yadda za a yi a kwashe mini komai daga tsohuwar, in buɗe sabuwar in tarar da Gmail da Facebook ɗina a buɗe yadda na saba?”

Akwai yadda za a yi. Yaron da ya ɗan iya rubuta furogiram zai yi maka shi kafin shayi ya huce. Sai dai abin da zai kwaso maka shi ne ainihin abin da ɓarayin intanet suke farauta, kuma ta hanyar da zai bi su ma suke bi. Wanda ya gane haka, ranar sauya kwamfuta zai nemi wani taimakon daban da wanda ya yi niyyar nema.

Sauya kwamfuta dai ba abin da za mu guje wa ba ne. Mafi yawan waɗanda ke hannunmu na hannu ne, wani ya yi shekaru yana aiki da su kafin su iso kasuwa. Ga zafi, ga ƙurar hunturu, ga ɗaukewar wuta da ke cinye batir. Kamfanin Microsoft ya daina gyaran Windows 7 tun watan Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Saboda haka a makarantu da gidaje da yawa, ko an sauya ko ana shirin sauyawa.

To mene ne kuki? Ka ɗauka ka je kasuwa da babur, ka kai shi wurin mai gadi. Zai duba ka, ya karɓi babur, ya ba ka ɗan kwali mai lamba, ya maƙala irinsa a jikin babur. In ka dawo ba zai tambaye ka takardun babur ba, ba zai tambayi sunan mahaifinka ba. Kwalin kawai zai duba. A ranar kasuwa, da babura sun kai ɗaruruwa, ba shi da lokacin tuna fuska. Wanda ya kawo kwalin shi ke tafiya da babur. Dala goma ko ashirin ka biya, amma kwalin da ke aljihunka darajarsa darajar babur ɗin ce.

Haka shafin intanet yake, har ya fi mai gadi mantuwa. Yadda aka gina shi tun farko, duk danna da ka yi baƙo ne sabo a wurinsa, bai san kai ne ka danna daƙiƙa biyu da suka wuce ba. A shekarar 1994 wani matashin injiniya mai suna Lou Montulli, a kamfanin Netscape na Amurka, ya fito da dabarar magance wannan. Shafi zai ba manhajar da kake shiga intanet da ita ɗan gajeren rubutu ta ajiye, duk lokacin da ka koma shafin ta miƙa masa shi. Wannan ɗan rubutun ne kuki. Ba shi da girma, da wuya ya wuce haruffa 4000, amma shi ya sa kantin intanet ke tuna abin da ka zuba a kwando, shi ya sa akwatin saƙonka ba ya tambayarka kalmar sirri duk shafin da ka buɗe.

Kukis iri-iri ne. Wani harshen da ka zaɓa kawai yake tunawa. Wani na ƴan talla ne, yana bin ka daga shafi zuwa shafi, kuma saboda irinsa ne dokokin Tarayyar Turai suka tilasta wa shafuka neman izini, har allon nan ya zama ruwan dare. Wanda ya dame mu a yau shi ne wanda ake ba ka bayan ka rubuta sunanka da kalmar sirri. Shi ne kwalin mai gadi. Wani yana mutuwa da zarar ka rufe manhajar, wani yana yin makonni ko watanni, musamman in ka danna gurbin nan da ke cewa a ci gaba da tuna ka. Tun 2022 Chrome ba ya barin wa'adin kuki ya wuce kwana 400, amma shafin da kake shiga kullum yana sabunta maka shi, shi ya sa za ka ga mutum ya yi shekara uku bai rubuta kalmar sirrinsa ba.

Duk waɗannan kukis a cikin fayil guda suke zaune a kwamfutarka. A Firefox sunansa cookies.sqlite, yana cikin jakar da manhajar ke ajiye kayanka, kuma ba a rufe yake ba. Wanda ya kwafe shi zuwa kile USB, ya kai wata kwamfuta ya sa shi a gurbinsa, shafuka da yawa za su buɗe masa kamar kai ne.

Chrome, da Edge da aka gina a kan tushe ɗaya da shi, sun ɗan ƙara tsaro. Suna juya abin da ke cikin kuki zuwa rubutun da ba ya karantuwa, makullin kuma a Windows an ɗaure shi da asusun mai kwamfutar. In ka kwafi fayil ɗin kawai ka kai wata na'ura, shirme za ka tarar. Dole furogiram ɗin ya yi aiki a kan tsohuwar kwamfutar, ya nemi Windows ta buɗe masa makullin, ya fito da kukis a fili, sannan a zuba su a sabuwar. A watan Yulin 2024, da fitowar Chrome 127, Google ya ƙara wani kulle don kada kowane furogiram da ke cikin kwamfutar ya iya yin wannan roƙon. Akwai kuma ƙananan manhajoji da ake liƙa wa Chrome ko Firefox, in ka ba su izini su fitar maka da kukis cikin fayil na rubutu, wanda aka fi sani da cookies.txt, tsarin da ya samo asali tun zamanin Netscape.

Ku lura da wani abu. Chrome da Firefox duka suna da hanyar kai maka kayanka sabuwar na'ura in ka shiga da asusunka: shafukan da ka yi wa alama, tarihin inda ka shiga, har kalmomin sirri da ka ajiye. Kukis kuwa ba sa cikin kayan da suke kai maka daga na'ura zuwa na'ura. Mutanen da suka ƙera manhajar sun fi kowa iya yin hakan, suka bari. Wannan kaɗai ya isa mutum ya yi tunani.

Ban san wannan daga karatu kaɗai ba. A makarantar horas da malamai an koya mana tsara darasi da riƙe aji, kwamfuta kuwa daga baya muka koye ta a hannun juna da hannun ɗalibanmu. A wani babban hutu an sauya kwamfutar ofis a lakwal ɗin da nake koyarwa, ina wurin saboda aikin jerin sunayen sababbin ɗalibai. Wanda aka kira ya yi ƙaurar wani tsohon ɗalibina ne, yaro mai hankali, yana karatun kwamfuta a jami'a. Darakta ya ce masa yana so ya buɗe sabuwar ya ga komai yadda ya bari. Yaron ya rubuta ƴan layuka cikin harshen Python, ya sa kile a tsohuwar, ya cire, ya sa a sabuwar. Da Firefox darakta ke aiki. Ana buɗewa sai ga akwatin saƙonsa, da wasiƙun ensipekta, da takardun maki, a kan na'urar da aka ciro daga kwali da safen nan. Ba wanda ya tambayi kalmar sirri, wayarsa da ke kan tebur ko motsi ba ta yi ba.

Darakta ya yi murna, ya sa masa albarka. Ni kuwa kilen nake kallo, yana rataye da makullin babur ɗin yaron. Na ce masa, “In wannan ya faɗi a tasha fa?” Ya yi dariya, sannan ya ce, “Mushe, wanda ya tsinta, in ya san abin da ke ciki, shi ne darakta har sai an rufe.” Ya ƙara da cewa ba kowane shafi ke yarda ba, na banki musamman, don kukinsu ba ya daɗewa, wasu kuma suna duba ko na'urar ko garin ya sauya. Amma na saƙo da na zumunta, waɗanda aka yi su don kada su gajiyar da mutum, sau da yawa suna wucewa.

Nan take darakta ya sa aka goge kilen, ya shiga asusunsa ya fitar da duk na'urorin da ke ciki, ya sake shiga da hannunsa. Na sakatare, da ke aiki da Chrome, ba a ma taɓa shi ba. Ya zauna ya shiga shafukansa ɗaya bayan ɗaya, bai kai rabin awa ba ya gama.

Shirun wayar nan shi ne abin da nake so malamai su riƙe. An daɗe ana gaya mana mu kunna tsaro mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri a turo lamba a waya. Shawara ce mai kyau, ina kuma ba da ita. Amma kuki ana ba da shi ne bayan ka wuce matakan biyu. Wanda ya zo da kukin ba ta ƙofa ya biyo ba, ballantana mai gadi ya tambaye shi lamba. A idon shafin, ya riga ya shiga tun jiya.

Wannan ba sabon abu ba ne ga masana. A watan Oktoban 2010 wani mai rubuta manhaja, Eric Butler, ya saki wata ƴar manhaja mai suna Firesheep. Wanda ya sa ta a Firefox ya zauna inda ake wifi na kowa da kowa, zai ga jerin mutanen da ke kusa da shi a Facebook da Twitter, ya danna sunan wanda ya ga dama ya shiga asusunsa. Kukis ɗinsu take tsinta a iska, don a lokacin shafukan suna aika su ba a rufe ba. Ya yi haka ne don ya kunyata kamfanonin su gyara, kuma cikin ƴan shekaru manyan shafuka suka koma rufe dukkan hanyar. Da aka toshe iska, sai ɓarayi suka koma neman kukin inda yake kwana, wato cikin kwamfutar mutum.

Yaranmu masu wasan ƙwallo a na'ura sun san FIFA. A watan Yunin 2021 an sace wa kamfanin da ke yin sa a lokacin, Electronic Arts, asalin rubutun wasan FIFA 21. Ɓarayin sun gaya wa ƴan jarida cewa da kuki na sata da suka saya dalar Amurka 10 suka shiga zauren hirar ma'aikatan kamfanin, daga nan suka yaudari masu kula da na'urori aka buɗe musu sauran ƙofofin. A watan Maris na 2023 aka ƙwace tashar YouTube ta Linus Tech Tips da ke Kanada, mai mabiya sama da miliyan 15, wadda aikinta kenan koya wa mutane kwamfuta. Wani ma'aikaci ya buɗe fayil da ya zo kamar takardar tayin talla, fayil ɗin ya kwashe kukis, ɓarayi suka sauya wa tashar suna suka shiga tallan damfarar kuɗin intanet.

Har kasuwa aka yi wa abin. A watan Afrilun 2023 hukumar FBI ta Amurka da ƴan sandan ƙasashe 17 suka rufe wani shafi mai suna Genesis Market, inda ake sayar da bayanan da aka kwaso daga kwamfutoci sama da miliyan ɗaya da rabi. Mai saye yana samun kukis ɗin mutum tare da siffar na'urarsa, don shafin ya ɗauka mai asusun ne ya dawo. A watan Mayun 2025 kuma Microsoft ya ce cikin wata biyu kacal ya gano kwamfutoci sama da 394,000 masu Windows da wata manhajar sata mai suna Lumma ta kama. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Waɗannan kamfanoni suna da ma'aikatan tsaro da ake biya albashi, mu kuwa sai Allah sai ɗan makwabci da ya iya gyara.

Ta ina manhajar satar ke shiga? Mafi yawa mu muke buɗe mata. Word ko Photoshop da aka fasa ake rabawa kyauta, wasan da yaro ya sauko da shi daga shafin da ba a san mai shi ba, fayil da aka turo da sunan jerin waɗanda suka ci jarrabawa ko takardar ɗaukar ma'aikata. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Manhajar ba ta goge komai, ba ta rage gudun kwamfuta yadda za ka lura. Tana yin abin da tsohon ɗalibina ya yi ne, sai dai ita ba kile take zubawa ba, ta intanet take aika wa maigidanta.

Wani abokin aikina ya ce mini, “Ni me nake da shi da za a sata? Albashin da ba ya kai ashirin ga wata?” Na ce masa ya buɗe akwatin saƙonsa ya duba. Akwai tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango da ya tura wa darakta. Akwai makin ɗalibai, da hotunan takardun haihuwarsu na dosiyen BEPC, da lambobin iyayensu. A Facebook kuwa akwai abin da ya fi wannan tsada, wato sunansa. In saƙo ya je wa uban yaro daga asusun malamin ɗansa cewa ana neman jaka biyar na rajista kafin gobe, ga lambar da za a tura, mutum nawa ne za su tsaya kira? Amincin da malami ya yi shekara ashirin yana tarawa shi ɓarawo zai ci da shi, kuma ko an gano gaskiya daga baya, tabon a jikin malamin yake zama.

Bayanan ɗalibai amana ce a hannunmu. Ƙasarmu tana da dokar kare bayanan sirri na mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita, tana kuma da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, wadda ta haramta kutsawa cikin na'urar wani ba da izini ba. Ya kamata samarinmu masu koyon wannan fanni su san cewa kwafe kukin aboki don wasa, ko na budurwa don leƙen asiri, kutse ne ko da ba a taɓa kalmar sirri ba.

Yanzu bari mu zo kan abin da nake ganin shi ne tushen matsalar. Na lura duk wanda ya dage sai an kwashe masa kukis, in ka bi a hankali, bai san kalmar sirrinsa ba ne. Wani a siber aka buɗe masa asusun shekara takwas da suka wuce, mai siber ɗin ya zaɓi kalmar, ya rubuta masa a ƴar takarda da ta daɗe da ɓata. Wani lambar wayar da aka sa a asusun ta layin da ya faɗi ce, kamfani ya riga ya sayar wa wani. Wata malama ɗanta ne ya buɗe mata, yanzu yana Yamai ko Agadas, shi ma ya manta. Irin wannan mutum kuki kaɗai ke riƙe da shi a cikin asusunsa. Ranar da kwamfutar ta mutu, ko kukin ya ƙare, asusun ya tafi da duk abin da ke ciki. Kwashe masa kukis jinkirta ranar ne kawai, tare da ƙara wani kwafin makulli a duniya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun tsohuwar kwamfutar tana numfashi, asusun kuma yana buɗe, nan ne damarka. Ka shiga wurin tsaro na asusun ka duba lambar waya da adireshin da aka sa don dawo da shi. In ba naka na yanzu ba ne ka nemi gyara su, shafin zai iya tambayarka wata shaida kafin ya yarda, gara ka san haka yau. Ka sake kalmar sirri, ka zaɓi mai tsawo wadda ba sunan ɗanka ko shekarar haihuwarka ba, ka rubuta ta a littafin da ke zama a gida inda kake ajiye takardun gona da na aiki. Littafi a akwati ya fi takarda a ƙasan madannin kwamfutar ofis. Ka kunna mataki na biyu da layin da ke hannunka.

In sabuwar ta zo, takardunka da hotuna ka kwashe su da kile, wannan ba laifi. Shafukan da ka yi wa alama ma ana fitar da su cikin fayil guda. Asusu kuwa ka shiga kowanne da hannunka. In kana da goma, aikin yamma ɗaya ne, kuma a nan za ka gane wanda ka mallaka da wanda kake aro. Bayan haka ka koma wurin tsaro, a Google ana kiran wurin “Vos appareils”, ka ga jerin na'urorin da ke cikin asusunka, ka fitar da tsohuwar da duk wadda ba ka gane ba. Fitar da na'ura yana kashe kukinta daga can wurin shafin, ko da wani yana riƙe da kwafinsa ya zama kwalin banza. Facebook ma yana da irin wannan jeri. WhatsApp na kwamfuta ba da kuki yake riƙe ka ba, amma haɗarin iri ɗaya ne, ka duba “Appareils connectés” a wayarka.

Kada a manta da tsohuwar kwamfutar. Mu ba ma jefarwa, ƙane ake ba ko a sayar ko a kai wa mai gyara ya cire kaya. Duk inda ta je da fayil ɗin kukis take tafiya. Ka fita daga kowane asusu, ka goge bayanan manhajar shiga intanet, in da hali a sake zuba mata Windows daga tushe kafin ta bar hannunka. In ta mutu ba zato ba tsammani, ka fitar da ita daga asusunka ta waya kafin ka miƙa ta wurin gyara.

Ba ina cewa duk mai kwashe kukis da furogiram ɓarawo ne ba. Masu gwada shafuka kafin a sake su suna yi kullum. Akwai manhajoji irin curl da yt-dlp da ke karɓar fayil ɗin kukis don su sauko da abin da sai mai asusu ke gani, kuma malamin da ke ƙauyen da rezo ba ya kai wa yana iya buƙatar sauko da darasin bidiyo in ya shigo gari, da izinin masu shi, ya kai wa ajinsa. Wanda ya san abin da yake yi, a kan asusunsa na kansa, ruwansa ne. Ko shi ɗin, kukin shafi ɗaya da yake buƙata ya kamata ya fitar, kada ya tura fayil ɗin ta WhatsApp ko ta saƙo, ya goge shi da zarar ya gama. Kuma kada ya liƙa wa Chrome ɗinsa wata ƴar manhajar fitar da kukis da bai san mai ita ba, don izinin da zai ba ta izinin ganin makullansa duka ne.

Kwamfutar da ake tarayya a kanta ita ce babban rami a wurinmu: ta ofishin lakwal, ta siber inda muke buga takardu, ta gida da uba da ƴaƴa ke amfani da ita. Rufe shafi da ɗan kuros ɗin nan na sama ba fita ba ne, kwalin yana nan a kan tebur. Sai ka danna “Se déconnecter”. Abin da ya fi, in za ka shiga asusunka a na'urar da ba taka ba, ka buɗe tagar sirri, a Chrome Ctrl da Maj da N, a Firefox Ctrl da Maj da P. Kana rufe ta kukis ɗin da ta tara suna gogewa. Wannan yana kare ka daga wanda zai zauna bayanka, amma ba ya kare ka daga manhajar sata in tana cikin na'urar, don haka asusun da ya shafi kuɗi kada ya shiga siber ko kaɗan. A gida kuma a buɗe wa yara nasu gurbin a Windows, wanda ba shi da ikon zuba sabuwar manhaja sai da izinin babba.

Iyaye, wannan magana ta shafi ƴaƴanku ta fuska biyu. Su ne suka fi sauko da wasanni na banza da forfen dare, kuma su ne muke miƙa wa na'ura mu ce su gyara mana. Yaron da ya iya abin alheri ne a gida, amma ya kamata ya ji daga bakin uba cewa iya buɗe ƙofar mutum ba izinin shiga ba ne. Ku kuma kada ku bar asusunku ya zama abin da yaro kaɗai ya san makullinsa. Ku zauna tare, ya nuna muku, ku rubuta da hannunku.

A aji na kan gwada abin da kwali na gaske. Ina sa ɗalibi ɗaya ya zama mai gadi, in rufe masa ido da ɗankwali, in ba wani kwali mai lamba bayan ya raɗa masa kalmar sirri. Sai in karɓi kwalin in ba na uku. Na ukun ya miƙa, mai gadi ya shafa ya ji kwalinsa ne, ya ba shi littafin na biyu. Aji ya fashe da dariya, mai littafi ya tashi yana rantsuwa. Daga nan sai in tambaye su yadda za a gyara. Kullum akan sami wanda zai ce mai gadi ya yaga kwalin in an gama, wani ya ce a sa kwalin ya yi aiki a hannun mutum ɗaya kawai. Na farko shi ne fita daga asusu. Na biyu kuwa shi ne abin da Google ya ba da sanarwar yana ginawa a watan Afrilun 2024, wato a ɗaure kuki da wani makulli da ke cikin jikin na'urar, wanda ba ya kwafuwa. In wannan ya yaɗu, kukin da aka kai wata kwamfuta ba zai daɗe yana aiki ba, na ɓarawo da na mai gida duka. Wanda ya dogara da ƙaurar kukis don ya zauna cikin asusunsa, ƙofar tana rufuwa a hankali.

Don haka ɗan uwa malami, in sabuwar kwamfuta ta zo, ka kira yaron nan mai ilimi, amma ka sauya abin da za ka roƙe shi. Ya zauna kusa da kai ya nuna maka inda ake gyara lambar waya, inda ake sake kalmar sirri, inda ake fitar da tsofaffin na'urori, hannunka a kan madanni, idonsa a gefe lokacin da kake rubuta kalmar. Wanda ya yi wannan a makon nan, ko bai yi sabuwar kwamfuta ba, ya rage wa kansa baƙin cikin wata rana. In kuma a lakwal ɗinku kwamfuta ɗaya ce kowa ke hawa, ku kai maganar taron malamai na gaba. Allah Ya tsare mana mutuncinmu da amanar ƴaƴan mutane da ke hannunmu.